Ranar da Baba Ya Riƙe Igiya

Tsufa ya fara yi mini sata. Ina neman tabarau yana bisa goshina, ina kiran jika da sunan ubansa, jiya ma sai da aka tuna mini cewa na riga na ci abincin rana. Duk na yafe masa. Amma akwai safiya guda da na tabbata ba zai iya raba ni da ita ba har ranar da za a kai ni makwancina, ita ce safiyar da mahaifina ya zauna a bakin rijiyar garinmu ya riƙe igiya.

Garin namu ƙaramin ƙauye ne arewa da Mayahi, kan hanyar Isawan. Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja. Damina ta zo kamar da gaske, gero ya fito har ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke ba ta sake waiwayarmu ba. Kafin rani ya raba, rumbuna sun zama wayam. Duk saurayin da ke da ƙarfi a jika ya ɗaura ƙunshi ya nufi kudu neman abin kai wa baki, gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. A gidanmu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Inna, mahaifiyata, kullum tana da ƙwaryar 'ya'yan anza a jiƙe, tana sauya musu ruwa har ɗacin ya ragu a iya ci. Wanda bai taɓa cin anza ba, ina yi masa addu'ar kada Allah ya nuna masa.

Ni kuwa a lokacin na gama kolej a Tasawa na dawo gida, ina ɗan shekara goma sha tara ko kusa da haka, siriri kamar karan dawa, kaina cike da kaki. A Tasawa na ga yadda kasuwa ke darewa in mai kaki ya ratso, na ga yadda takalmansu ke ƙyalli, na ce a raina ni ma nan na nufa. Har bayan rumbu nake zagayawa in saɓa sanda a kafaɗa ina buga ƙafa, ƙannena mata suna leƙe ta jikin zana suna ƙyalƙyala dariya. Da a ce wani ya tsayar da ni ya ce, to me soja ke yi daga safe zuwa dare, da na yi tsuru-tsuru. Hular na sani da takalman.

Ina da kawu, wan Inna, jandarma ne a Tasawa. Mutum ne mai son 'yan'uwa, kuma halin da muke ciki ya dame shi ƙwarai. Wata ranar kasuwa ya zo ya ce ya yi mini magana, an yarda za a ɗauke ni aikin soja, motar da ke tattara samari za ta biyo ta garinmu kafin damina ta faɗi. Inna ta rangaɗa guɗa, guɗar farko da aka ji a unguwarmu tun kaka. Ba son nuna isa ya sa ta ba. Kowa ya san gidan da ke da mai albashi ba ya kwana da yunwa, ita kuwa tana da bakuna huɗu ƙanana da ke kallon hannunta. Baba manomi ne mai ƙarancin magana, irin mutanen da sai ka zauna da su yini guda ka tashi da kalmomi biyar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya sa alheri."

Labari ya zaga gari, sunana ya koma Soja. A daidai lokacin kuma rijiyarmu, wadda ita kaɗai ce ta rage da ruwa a duk yankin, ta fara ja da baya. Mata da tulunansu, makiyaya da shanunsu, kowa na son ya riga kowa, kullum sai an yi cacar baki. Maigari ya kira ni ya miƙa mini sanda, ya ce tunda ga sojanmu a gida, in je in riƙa tsare layi, mata daga asuba zuwa hantsi, dabbobi daga nan zuwa azahar, sannan a bar rijiya ta huta ta tara. Na karɓi sandar nan ina jin kamar an ɗaura mini galan, alamar muƙamin soja.

Ranar farko na tsaya na buɗe murya na ce kowa ya koma baya. Wata tsohuwa ta ajiye tulunta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, ni za ka ɗaga ma murya? Ni na yanke maka cibi hwa. Matsa ka ba ni wuri."

Na matsa. Wannan mai sauƙi ce, abin dariya. Mai wuyar ita ce ta wani Bafulatani da muka san shi tun muna yara, yana kawo mana nono kasuwa. Shanunsa sun rage ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kowace ana iya lissafa haƙarƙarinta daga nesa. Azahar ta yi, lokacin dabbobi ya ƙare, nasa ba su sha ba. Doka ta ce in kore shi. Bai roƙe ni ba, ya dai tsaya riƙe da igiyar gugarsa yana kallona. Na ɗaga sandar, hannuna ya ƙi. Na ce ya ɗiba. Da asuba mata suka iske rijiya ba ta tara ba, suka yi mini ca, kuma suna da gaskiya.

Haka na yi ta fama. In na tsawata wa mutum sai in yini ina jin ciwon abin, in ban tsawata ba kuma layi ya watse. Kullum nakan koma gida da ciwon kai, ɗan tuwon da ake rububi ma ba ya shiga. Na riƙa lallashin kaina cewa don ban sa kaki ba ne, ranar da na sa shi murya za ta zo da kanta. Yanzu da furfura na san cewa akwai mutanen da Allah ya yi su don su tsaya tsakiyar jama'a su ba da umarni a bi, kuma ƙasa na buƙatarsu. Ni dai ba a yi ni da wannan ƙasar ba.

Ana nan guga ta fara fitowa da laka zalla. Maigari ya hau jaki ya tafi Mayahi, ya yi ta zarya har aka ba gari siminti, sannan aka ɗauko wani tsoho mai haƙar rijiya daga wajen Isawan. Gajere ne, baƙi, yana da tari mai tsanani wanda shekarun shaƙar ƙurar rami suka bar masa. Ya zuba zobban siminti ya bar su suka bushe, waɗanda za a zura cikin rijiyar a riƙa haƙe ƙarƙashinsu suna nutsewa har a cim ma ruwa. Matsalar ita ce yaransa duk sun tafi kudu, shi kuma ƙirjinsa ba zai bar shi ya sauka ba. Sai an sami mai shiga.

Mahaucin garinmu, ƙato mai yawan cika baki, shi ya fara cewa wannan ai wasan yara ne. Aka ɗaura masa igiya, aka fara zura shi. Bai kai rabi ba muka ji yana kiran sunan uwarsa. Da aka fito da shi ya ce cikinsa ne ya murɗa, ba wanda ya musa masa. Tsohon ya waiga ya gan ni tsaye da sandata.

"Kai mai sanda, mi kake yi nan?"

"Layi nake tsarewa."

"Layin mi? Ina ruwan?"

Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce ai Soja ne, ba ya tsoro. Wannan maganar ce ta kai ni cikin rijiya, ba jarumta ba, ba tausayin gari ba. Kunya ce kawai ta hana ni cewa a'a.

Tsohon yana da tsarin aikinsa da ba ya sassautawa ko ga sarki. Kafin mutum ya sauka, sai an zura fitila a kunne har ƙasa, in ta mutu to iskar ramin ba ta da kyau, sai a yi ta zura rassan ganye ana jawowa har ta gyaru. Maza da yawa ne ke zura mutum da babbar igiya, amma akwai wata siririya da ake ɗaura masa a ƙugu, mutum ɗaya ke riƙe ta daga sama. Da ita ake magana, akwai irin jan da ke nufin a ɗauke guga, akwai wanda ke nufin a fitar da ni yanzu. Mai sauka shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa, ba a zaɓa masa. Shi kuma mai riƙewa, daga lokacin da ya karɓa ba ya magana da kowa, ba ya waiwaye, ba ya amsa ko sallama, har sai na ƙasa ya taka doron ƙasa. Tsohon ya ce ya taɓa ganin abin da amsa gaisuwa ɗaya ta jawo, bai kuma faɗa mana ko mene ne ba. Na zaɓe shi ya riƙe mini.

Na sauka ina salati, idona a rufe. Zafin bazara ne ya fara sakina, sannan hayaniyar mutane ta riƙa yin nisa har ta zama kamar kukan ƙudan zuma. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na buɗe ido. Sanyi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa wanda muka yi wata da watanni ba mu shaƙa ba, bakin rijiyar can sama bai fi faifai ba. Na tsaya ina jiran tsoro ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo wani irin kwanciyar hankali ne da ban san ina da shi ba. Na durƙusa na ɗauki ɗan gajeren dagi na fara haƙa.

Aikin ba na ƙarfi ba ne kamar yadda ake zato, na haƙuri ne da lura. Dole ka riƙa kwashe yashi daga ƙarƙashin zoben daidai wa daida ta kowane gefe, don in gefe ɗaya ya riga nutsewa zoben zai karkace, rijiyar da ta karkace kuwa ta lalace ke nan. Na sami kaina ina shafa bango da tafin hannu, ina jin inda yashi ya yi taushi da inda ya ƙi. Na ɗaura tsakuwa a zare na rataya don in riƙa ganin ko zoben na tafiya a miƙe, dabarar da wani mushe, wato malaminmu na boko, ya taɓa nuna mana a lakwal ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Da na fito na nuna wa tsohon, ya jujjuya zaren ya ce shi da ido yake yi, amma wannan ma ta yi. Kullum in na fito sai in zo masa da dunƙulen ƙasar da na tsaya a kanta, ya matse, ya sunsuna, ya gaya mini abin da ke tafe. Bayan 'yan kwanaki na fara rigansa faɗa, wani lokaci in dace, wani lokaci ya yi mini dariya har tari ya sarƙe shi. Bafulatanin nan kuwa shi ya kawo sansa guda da ya rage da ɗan ƙarfi, da shi ake jan gugar yashi.

Wani abu ya sauya a jikina ban lura ba, sai mutanen gida ne suka lura. Ina dawowa a gajiye liƙis, amma ina cin abin da aka ba ni har in sha ruwan wankin ƙwarya. Ciwon kai ya tafi. Ina farkawa kafin ladan, ina ɗokin gari ya waye in ga ko zoben ya motsa. Na manta da buga ƙafa bayan rumbu. Ƙanwata mai bi mini, wadda bakinta ba ya shiru, ta riƙa shela a gida cewa sojanmu ya zama gafiya.

Muna dab da cim ma yashin da ruwa ke kwance cikinsa sai saƙon Kawu ya iso ta bakin wani ɗan kasuwa, mota za ta zo jibi da hantsi, in shirya. Labarin da na yi watanni ina jira ke nan. Da na ji shi sai na ji kamar an ce wani nawa ya rasu. Na yi mamakin kaina ƙwarai.

Washegari da la'asar na sami tsohon a inuwa yana gyaran igiya. Na ce masa gaskiya bai kamata in tafi in bar rijiya a buɗe ba, gari na cikin wahala, ba mai shiga sai ni. Na tsara maganar da kyau, har ni kaina ta burge ni. Bai ɗago kai ba.

"Kada ka hwake da rijiya, yaro. Akwai wani yarona a Maijirgi, in na aika mai, kwana kaɗan ya iso. Rijiya ba ta rasa mai shiga. In za ka tahi, tahi da zuciya guda. In kuma tsayawa za ka yi, to ka san don kanka ka tsaya, kada gobe ka ce ma mutane don su ka yi."

Maganar ta yi mini zafi don ta tuɓe ni. Na so a ce dole ce ta tsayar da ni, in sami abin gaya wa Inna da Kawu. Tsohon ya ƙwace wannan ya bar ni da gaskiyar tsirara, wato ina son aikin nan, na iya shi, kuma in aka ba ni zaɓi tsakanin a riƙa darewa in na ratso kasuwa da in ga mace ta jawo guga cike da ruwa daga ramin da na haƙa, na san wanda zuciyata ta fi so. Tsohon ya ƙara da cewa kada in yi zaton akwai arziki a ciki, shi ga shi nan, abin da ya tara duk yana cikin buhu guda.

Bayan magariba na sami Baba a kan tabarmarsa a ƙofar ɗaki. A wurinmu ɗa ba ya zama gaban uba ya ce ga abin da nake so, musamman ɗan fari irina wanda ko sunansa uban ba ya kama wa don kunya. Na yi ta zagaye, na yi zancen zobe, na yi zancen yashi, da ƙyar na furta cewa da za a bar ni da na bi tsohon nan na koyi aikinsa. Inna na bayan zana tana ji. Ta fito riƙe da ƙwaryar anza ta dire ta a gabana.

"Dubi wanga. Dube shi da kyau. Shi ƙannenka za su ci gobe, shi za su ci jibi. Yayana ya zubar da girmanshi ya roƙa maka wuri, kai kuma ka ce rami kake so? Ramin zai ba su tuwo?"

Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta tsoro ce. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Baba ya ce, "Allah ya kai mu gobe," ya tashi ya shiga ɗaki.

Da safe Inna ta riga ta ɗaure mini kayana a zane, har da ɗan ƙullin garin gero da ban san inda ta samo shi ba. Da hantsi muka ji ƙugin mota, ta zo ta tsaya a gindin gawon da ke bakin gari, samari cike a baya suna waƙa. Na ɗauki ƙunshina, Baba na gaba, Inna da yara na biye. Hanyar zuwa gawon ta bakin rijiya ta bi. Mutane na nan zazzaune kamar kullum, sa na tsaye da igiyarsa, tsohon ya zura fitila ya jawo ta tana ci, ko da yake ya san ba mai sauka ranar.

Ban shirya abin da na yi ba, ƙafafuna ne suka tsaya. Na ajiye ƙunshin, na tuɓe riga, na ɗauki siririyar igiyar na ɗaura a ƙugu. Sannan na ɗauki ɗaya bakin, na wuce tsohon, na je na durƙusa gaban mahaifina na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka riƙe mini."

Kowa ya gane abin da nake tambaya. In ya kau da kai, zan kwance igiyar in sa rigata in shiga mota, ba zan kuma sake tayar da zancen ba har abada, wannan na riga na yanke shi a raina. Ya dubi igiyar, ya dubi motar, ya dubi Inna. Sai ya tattare rigarsa, ya zauna a bakin rijiya, ya tokare ƙafafunsa da gungumen da aka gicciye, ya karɓa. Aka zura ni.

Abin da ya faru a sama ƙanwata ce ta ba ni labari, ta kuma yi shekaru tana ba da shi tana kwaikwayon tafiyar Kawu. Ashe tare da motar Kawu ya zo, da ya gaji da jira, ya taho cikin kakinsa mai guga ya yi sallama. Mutane suka amsa, ban da Baba. Ya matso ya ce, "Malam, ina kwana?" Shiru. Ka tuna wan matarsa ne, surukin da ko a hanya suka haɗu sai Baba ya rage tsawo. Kawu ya tambayi ina yaron, aka nuna masa rami. Ya hau faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, Hausa ta ƙare masa ya koma Faransanci. Baba ko gezau, idonsa na kan igiya.

"Kurma ka zama ne? Da kai nake!"

Tsohon ya taso yana tari ya ce, "Ranka shi daɗe, mai igiya ba shi magana."

"To a hiddo shi."

"Sai na ƙasa ya nema, ko mai igiya ya ja."

Sai Kawu ya sunkuya a bakin rijiya ya kira sunana. Wannan kam da kunnena na ji. Muryar ta sauko ta cika ramin ta ko'ina, dagi ya kusa suɓuce mini. Mutumin nan ya goya ni a kafaɗa ina yaro, shi ya saya mini takalmin da na fara shiga lakwal da shi. Hannuna ya kai kan igiyar, kaɗan ya rage in ja. Sannan na ɗaga kai na ce da iyakar ƙarfina, "Kawu, ka yi haƙuri!" Na sunkuya na ci gaba da kwashe yashi.

Direba ya yi ta danna oda. Ƙanwata ta ce Kawu ya juya ga Inna ya ce, "Kin dai gani da idonki," ya tafi. Ni a ƙasa abin da na ji kawai ɗan yashi ne da ya zubo mini a wuya lokacin da motar ta tashi.

Wajen azahar zoben ya yi wata 'yar ƙara ya zauna, ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashinsa a hankali, mai sanyi, ya rufe mini yatsun ƙafa, ya hau idon sawu. Na cika guga na aika sama. Na ji guɗa daga nesa, amma da aka fito da ni na duba cikin matan ban ga Inna ba. Ta ɗauki ƙunshina ta koma gida. Baba ya miƙa wa tsohon igiya, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi masallaci.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce daga nan komai ya yi daɗi ba. Shekarar ta gasa mu. Muka sayar da jaki. Aka kai autarmu wurin gwaggo a Maijirgi don a rage baki, ta tafi tana kuka, kuma na san da ina da albashi da ba a kai ta ba. Inna ba ta yi mini maganar da ta wuce ta dole ba har sai da damina ta zauna, Kawu kuwa ya yi shekaru in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Na bi tsohon ƙauye ƙauye, ana biyanmu da tiyar hatsi, ina aikowa gida da abin da ya samu. Daga baya na sami horo wurin masu gina rijiyoyin siminti, aikin da na yi ke nan har gwiwoyina suka ce sun gaji. Cikin samarin da suka tafi a motar nan akwai waɗanda suka yi girma suka gina gidaje, kuma na yi musu murna da zuciya ɗaya, wurinsu ne suka samu.

Sai da na yi aure na haihu sannan na iya tambayar Baba dalilin da ya sa ya karɓi igiyar. Muna zaune a gona muna hutawa bayan noma.

"Da niyyar in jawo ka na amshe ta," in ji shi. "Na ce ma kaina, in yaron nan gudun soja yake, ko taurin kai ne, zan ji a hannuna, in hiddo shi in kai shi mota da kaina. Mai tsoro igiyarshi rawa take. Da kawunka ya kira ka ta yi rawa, har na hwara naɗe ta. Sai na ji ta kwanta, ta koma tahiya da aikinka, sannu sannu. Na haihe ka, na yi renonka, ban taɓa jin ka natsu kamar ranar ba. To mi zan jawo?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki hauyarsa ya koma kan kunyar da yake nomewa.

Abin da ranar ta koya mini shi nake gaya wa samarin da ke zuwa neman shawara kan aikin da za su kama. Akwai aikin da mutum ke son a gan shi a cikinsa, akwai kuma wanda zai yi da daɗin rai ko a ƙasan rami ne inda ba mai ganinsa, kuma yaro na iya rantsuwa cewa na farkon shi ne na biyun. Ba a gane bambancin da tunani a kan tabarma, sai an sa hannu an gwada, a lura da inda kai ke ciwo da inda abinci ke shiga. In ka gane naka, kada ka laƙaba wa kowa, ka ce ni ne nake so. Ka kuma sani cewa ba kai kaɗai za ka biya kuɗinsa ba, akwai waɗanda za su ji a jikinsu saboda zaɓinka, don haka ka riƙe aikin da kyau yadda wahalarsu ba za ta tafi a banza ba. Autarmu yanzu kaka ce, kuma har yau in na je gidanta ni ke ɗauko mata ruwa.